Abin da hauya ta ƙyale: tarihin tsirran magani a ƙasar Tasawa da Mayahi

A watan Janairun 1851 ne matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya gangaro daga Damargu ya sauka a Tasawa. Ya zaga kasuwar garin, ya ga manyan ƙore cike da fara ana sayarwa, ya kuma riƙa rubuta sunayen tsirran da ya tarar a hanya da Hausa, har da kaba da tumfafiya. Da ya wuce Gazawa ya nufi Katsina sai ya faɗa dajin da babu gari babu gona, domin yaƙin da ake gwabzawa tsakanin Katsinawan Maraɗi da Fulanin da suka karɓe Birnin Katsina ya hana kowa zama a wurin. Akwai kuma wani dajin da ya fi wannan faɗi ta arewa maso yamma, inda yawancin ƙauyukan gundumar Mayahi suke a yau. Daga irin waɗannan dazuzzuka ne masu maganin wancan zamani suke samo saiwa da sassaƙe.

Sanin daji a lokacin gado ne. Guy Nicolas, Bafaranshen da ya daɗe yana nazarin Hausawan kwarin Maraɗi a shekarun 1960, ya nuna yadda kowane dangi na anna yake riƙe da sana'arsa da iskokinsa da asirinsa. Mahalba su ne masu daji, su suka san abin da ake shafa wa kibiya da abin da ake ba wanda maciji ya sara. Maƙeri yana da maganin ƙuna. Wanzami yana da garin da yake barbaɗa wa yaro bayan kaciya, galibi na bagaruwa, wadda majema ma da ita suke jima. Maɗori yana da nasa, ƴan bori suna da nasu turaren. Malami kansa, ko da rubutun sha ya bayar, yakan ce a haɗa da ganyen magarya. Duk wannan maganin manya ne, na saiwa da ɓawo da kauci, wanda ake tafiya takanas a nemo, a biya kafin alƙalami ko a kai kaza.

Ciwon yau da gobe kuwa ba ya kai wa gaban boka. Zawon yaro, da kumburin ciki, da makero, da masassarar damina, da nonon da ya ƙi zuwa, duk a hannun uwa da kaka da ungozoma suke ƙarewa, kuma ba su zuwa ko'ina neman magani. Yana nan cikin gona, da gindin danga, da saurar da aka bari ta huta. A wannan ƙasa maigida yakan yanka wa matarsa gamana daga gefen gandu, ta noma abin da take so. Duk wanda ya lura da yadda mace take noman gamanarta zai ga hauyar tana da ido: in ta zo kan tafasa ko yoɗo ko lalo ko gasaya sai ta kauce. Abin da malamin gona zai kira ciyawa, a wurinta miya ne ko kwaɗo ko magani, sau da yawa ma duka ukun.

In za a zaɓi tsiro ɗaya da ya riƙe lafiyar gidajen Tasawa da Mayahi, to sabara ce. Jigawar da ta gaji ita take so, irin yashin da ruwan shekara da wuya ya wuce milimita 500 a kansa, a arewacin Mayahi ma bai kai haka ba. Kowace bazara manomi yakan sare ta har ƙasa lokacin sassabe, ya ƙone, kafin kaka ta sake tohowa da tokar ganyenta. Ana dafa ganyen a sha don zawo da ciwon ciki da mura, ana daka shi a zuba a fura, mai jego tana wanka da ruwansa tana shan kaɗan, makiyayi kuma yana turara shi a garke don korar ƙudaje. Abokin zamanta shi ne kalgo, wanda ya fi son inda ƙasa take da ɗan ƙarfi. Ganyensa mai ɗan tsami ne, ɓawonsa mai bauri, ana wanke miki da ruwansa, ana kuskure baki da shi, da ɓawon nan dai ake ɗaure damin hatsi. Ba wanda ya shuka su biyun, ba kuma wanda ya iya kashe su, domin saiwarsu tana can ƙasa inda hauya ba ta kai.

Ƙananan hakukuwa sun fi yawa, kowane da aikinsa. Filasko, mai shimfiɗa a tsohuwar saura da bakin hanya, shi ne maganin wanke ciki, kuma ba shi da wasa. Danginsa ne ganyen nan da ake kwasa daga Sudan da Indiya zuwa kantunan maganin Turai don wannan aiki. Nonon kurciya ana dafa shi don atini, ana kuma ba mai shayarwa. Saiwar hankufa ta yaran da ke haƙori ce. Garahuni, mai hawan danga, ɗacinsa ake nema don ciki da zazzaɓi. Yaɗiya tana rarrafe a ƙasa ko da rani, ana ɗiga ruwanta a rauni, ana dafa ganyenta a ci. Rai-ɗore, da ke fitowa a juji da bayan gida, ganyensa ake yin sirace da shi idan masassara ta kama mutum. Ƴaƴan tafasa ana niƙa su a shafa wa makero. Tumfafiya kuwa alamar ƙasa ta mutu ce, amma farin ruwanta ake ɗiga wa harbin kunama, itacenta kuma ake jerawa a rufin ɗaki saboda gara ba ta cika damunsa ba. Kai, har gaugai, wanda a Kano suke cewa ƙuduji, babban maƙiyin gero da dawa, akwai masu shanya shi su daka don ciwon fata.

Wannan tsari na daji a nesa da saura a kusa ya fara sakewa ne daga ƙarshen ƙarni na 19. A 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, har ta kashe wani hafsan Faransa, Kanar Klobb, a Dankori ranar 14 ga watan Yuli, kafin sojojinta su juya wa shugabannin biyu baya su kashe su a wajen Maijirgi, gabas da Tasawa. Da mulkin Faransa ya zauna, hare-hare suka lafa, mutane suka fita daga garuruwa masu ganuwa. Gobirawa da Katsinawa da Tazarawa suka yi ta haƙa rijiyoyi suna kafa ƙauyuka a arewa, gefen Gulbin Kaba da bayansa, wasu neman sabuwar ƙasa, wasu gudun haraji da aikin tilas. Kowace sabuwar rijiya gatari ne a gindin daji.

Sai ga yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa suka sa wa suna Kakalaba. A irin wannan shekara ne ake gane cewa tsakanin abinci da magani babu katanga. Mutane suka koma ga karangiya, suna sussuke ƙayarta su fid da ƴan ƙwayoyin ciki, suka koma ga tsaida da jiga da yaɗiya da dubagirar aduwa, suka tone gidajen tururuwa. Babbar madogara ita ce anza. Ƴaƴanta suna da ɗaci da guba, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu, kuma a ƙasar da rijiya take da zurfi wannan wanki kansa wahala ce. A shekarar wadata kuwa ganyen anzan nan ake sawa a rumbu don hana ƙwari cin wake, abin da masu bincike a Senegal suka gwada daga baya suka tabbatar. Nina Etkin da Paul Ross, da suka zauna a wani ƙauye na ƙasar Kano a shekarun 1970, sun nuna cewa da yawa daga tsirran da Hausawa suke sha don ciwon ciki su ne dai suke ci a miya da kwaɗo, musamman a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wato a daidai watannin da sauro da zawo suka fi tsanani ne cikin mutane yake cike da ganyen magani, ko da yunwa ce ta sa su cinsa.

Shekara biyu bayan Kakalaba, a 1916, wani likita ɗan Sikotilan da ya yi aiki a Arewacin Najeriya, J. M. Dalziel, ya buga ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa, sannan a 1937 ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Har yau duk mai son daidaita sunan Hausa da na kimiyya sai ya bi ta kansa. Hukumar Faransa ita kuma wata hanya ta ɗauka. A 1927 ta mayar da babban ofishin kwamanda daga Tasawa zuwa Maraɗi, a 1935 kuma ta kafa dokar gandun daji ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta, wadda ta mayar da dajin da aka ce ba shi da mai shi mallakar gwamnati. Dokar Nijar ta 1974 ta bi sahun wannan, ta hana sare gawo da madaci da tsamiya da aduwa da goriba da bagaruwa da danya da wasunsu sai da takarda. Niyya dai kariya ce. Abin da ya biyo baya shi ne manomi ya ga cewa itacen da ya girma a gonarsa na iya jawo masa tara ranar da ya sare reshe, don haka ya gwammace ya tumɓuke shi tun yana ƙarami.

Gyaɗa ce ta ƙarasa aikin. Daga shekarun 1930 ta zama abin biyan haraji da na aure, bayan samun ƴancin kai kuma kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 ya riƙa saye. Malaman gona suna koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas, don garmar shanu ta wuce ba tuntuɓe. Claude Raynaut da abokan aikinsa, da suka yi nazarin ƙauyukan jihar Maraɗi a shekarun 1970, har da ƙauyen Sarkin Hausa na ƙasar Mayahi, sun gwada hotunan jirgin sama na shekarun 1950 da na 1970 suka ga gonaki sun haɗe da juna, saura ta ƙanƙance. Manyan itatuwan magani, irin su kirya da marke da madaci da gwandar daji, suka yi ta ja da baya. Wanda ya rage a tsaye kuma sai masu sassaƙa su kewaye shi har ya bushe. Baƙo guda ne ya yi riba a wannan zamani, wato dogon yaro, ɗan asalin Indiya, wanda aka dasa a bakin titunan Tasawa da harabar ofisoshi don inuwa. Cikin ƴan shekaru mata suka gane ɗacin ganyensa, ya shiga tukunyar wankan jego da ta siracen masassara, har yaran yanzu suna ɗauka tun fil'azal yana nan.

Farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, na 1984 ya karya kusan komai, shi ne yunwar da ake kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, manomi ya yi shuka biyu ko uku a damina ɗaya. Makiyaya da burtali suka cika da garmani, hakin da dabbobi ba su damu da shi ba, ya danne waɗanda suka fi shi amfani. A cikin wannan hali ne Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki da mishan ɗin SIM a Maraɗi, ya lura a 1983 cewa tohon da ake sarewa kowace shekara itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In an zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka bar su, aka datse sauran, kututturen zai koma itace. A 1984 aka haɗa wannan da rabon abinci don aiki a ƙauyuka masu yawa. Da abinci ya ƙare mutane da dama suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga gero ya fi kyau a gindinsu, ga itacen girki. Sannu a hankali abin ya bazu daga gona zuwa gona, aka sa masa suna sassaben zamani. Ba a ce Rinaudo ne ya ƙago shi ba, domin manoman Damagaram sun daɗe suna barin gawo. Hotunan tauraron ɗan adam da aka duba a shekarun 2000 sun nuna kusan kadada miliyan 5 sun sake yin itace a kudancin Nijar, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Mai neman magani sai ya dubi wannan nasara da ido biyu. Abin da ya dawo shi ne abin da kututturensa bai mutu ba, wato sabara da kalgo da taramniya da gawo da aduwa da magarya. Kirya da marke da madaci ba su dawo da yawa ba. Maganin gida ya farfaɗo, na boka kuwa sai dai a sayo shi daga nesa. Shi ya sa tabarmar mai magani a kasuwar Tasawa ko Mayahi ko Kanambakashe take ɗauke da sassaƙen da ya fito daga kudu, wani daga Najeriya, tare da tazargade da ke saukowa daga arewa.

An rubuta wani abu daga wannan ilimi, sai dai da Faransanci. Bayan taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka yarda a sa masu maganin gargajiya cikin kiwon lafiya na matakin farko, wata tawaga ƙarƙashin Farfesa Edouard Adjanohoun na Benin ta zaga Nijar ta fitar da kundin tsirran magani a 1980. Anne Luxereau ta yi shekaru tana bin bokayen Maraɗi, ita da Bernard Roussel suka buga littafi a 1997 kan yadda tsirrai da zaman jama'a suke sauyawa tare a wannan yanki. Aiki ne mai kyau, amma galibin masu bincike wurin shahararrun bokaye suke zuwa, tsohuwar da ke tsinkar hankufa a bayan gari ba ta cika shiga littafi ba. Ƙasar Ayilan, wadda mutanenta suka ci hakukuwan gona a babbar yunwar da ta fara a 1845, ta bi wata dabara. Daga 1937 zuwa 1939 ta sa yara fiye da 50,000 na makarantun firamare kusan 5,000 su tambayi kakanninsu su rubuta abin da suka ji, har da maganin gida na ciyayin gona, kuma littattafan suna nan a ajiye a Dublin. Yaran Tasawa da Mayahi ma suna da kakanni, suna kuma da alƙalami.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin maganin da ake shigowa da shi ya tashi, ga shi an fara biyan kuɗi a gidajen likita. Mutane suka kasu tsakanin jiƙo da ƙwayoyin da ake tallarsu a faranti da bayan keke. Sai 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa na 2004, lokacin da kuɗin hatsi ya gagari talaka. Duniya ta ga hotunan matan jihar Maraɗi suna wanke anza suna dafa ganye, Shugaba Tandja Mamadu ya musanta cewa yunwa ake yi, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta karɓi yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar cikin shekarar, mafi yawansu a wannan jiha. Baƙin da suka zo sun ɗauki cin ganye alamar halaka, alhali tafasa da yaɗiya abincin kowace damina ne. Alamar halaka ita ce a ci su babu hatsi babu ƙuli-ƙuli.

Wannan shekara ce kuma ta fito da rigimar bauri fili. Al'ada ce a dafa saiwoyi da ganye a riƙa ɗura wa jariri tun yana ɗan kwanaki, don ya yi ƙarfi, cikinsa ya zauna. Ma'aikatan lafiya suka ce nonon uwa zalla har wata shida, kuma a nan gaskiya tana wurinsu: ruwan da ake haɗa baurin da shi ba kullum yake da tsabta ba, cikin jariri kuma ƙarami ne, abin da ya cika shi ya tare wa nono wuri. Akwai sauran wuraren da ya kamata a faɗi gaskiya. Ruwan tumfafiya in ya shiga ido yana iya lalata gani. Ƴaƴan rai-ɗore sun kashe yara a arewacin Indiya ta hanyar lalata hanta, kamar yadda likitocin can suka gano. Filasko ga yaron da zawo ya riga ya tsotse ƙarin ciwo ne. Zazzaɓin cizon sauro mai sa yaro suma kuwa ba ya jiran sirace. Tun 2006 gwamnati ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, ko da yake sau da yawa akan je a tarar maganin ya ƙare, uwa ta dawo ga tukunyarta.

Ƙidayar 2012 ta nuna gundumar Tasawa da ta Mayahi kowacce ta haura mutum 500,000. Gonaki sun tsattsage da rabon gado. Binciken da Marthe Diarra da Marie Monimart suka wallafa a 2006 ya nuna cewa inda ƙasa ta yi kaɗan mata ne suke fara rasa gamana, wani wuri a fake da kulle. Matar da ba ta zuwa gona ba za ta nuna wa ɗiyarta bambancin hankufa da garmani ba, ga shi sun yi kama a idon wanda bai sani ba. Maganin feshi na kashe ciyawa, da ya fara shigowa daga kasuwannin Najeriya, shi kuma ba ya kauce wa tafasa.

Ta fuskar doka an juya akalar 1935. Dokar tsarin karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 sun sassauta, sannan a ƙarshen watan Yulin 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa nasa ne. Wasu ƙauyuka, irin su Ɗan Saga ta ƙasar Agye, sun daɗe da kafa kwamitin sa ido, maza da mata da makiyaya, don kama masu saran dare. Wannan ya kawo sabuwar tambaya da dagatai suke fama da ita: a da duk wanda ciwo ya kama yana da ikon ya sassaƙi ɓawo ko ya toni saiwa a inda ya gan su, ba ya neman izinin kowa, yanzu kuwa kowane kalgo yana da mai shi, kuma mai sassaƙa don ɗansa da mai cika buhu don kasuwa da gatari iri ɗaya suke zuwa.